Masu Zaɓar wa Gari Tuta

Duk garin da ya ce zai yi tuta, ko da ta matasa ce da za a riƙa ɗagawa ranar hawan Sallah da ranar ƙwallo, to ya tanadi tabarmi da haƙuri. A Sakajiki ma haka abin yake. Yadi biyu ne kacal, amma kowa da abin da yake son a rataya musu.

Kafin a gama addu'ar buɗe taro Baba Mai Tarihi ya gyara murya. "Ku dakata, yara. Kun san mece ce tuta?" Daga nan an shiga uku. Zai faro daga Degel, ya bi Shehu hijira zuwa Gudu a 1804, ya tsaya ya kurɓi ruwa, sannan ya kawo mu inda Muhammadu Namoda ya karɓi tutar jihadi. Ba ya sauka sai Alƙalawa ta faɗi a 1808, kuma kullum da ɗan sabon ƙari kan rawar da kakansa ya taka a wurin. Bara kakan nan riƙon doki ya yi, bana shi ne a gefen tutar. Ka tambaye shi wane launi yake so, sai ya dube ka da tausayi, ya ce ai tuta ba ɗinka ta ake yi ba, bayar da ita ake yi. To wa zai ba mu, Baba? Sai ya koma Degel. Amma ranar da ciwon ƙafa ya hana shi zuwa, taron lami ya yi.

Sai Mai-a-sa-komai. Gero, dawa, gyaɗa, auduga, gulbin Gagare, dutsen bayan gari, har da jirgin ƙasan da ya iso Ƙaura a 1929, wanda rabin 'yan taron ba su taɓa jin kukansa ba. An tuna masa cewa Taiwo Akinkunmi da ya zana tutar Najeriya ya sa jar rana a tsakiya, alƙalan gasar suka cire ta, aka bar kore da fari kawai. Ya ce shi ya sa ƙasar take haka.

Malam kuwa hukuncinsa gajere ne: ban da mai rai. Doki ya fita, zaki ya fita. "Allah gafarta Malam, gero fa?" Ya ce sai ya duba.

'Yan siyasa biyu suna zaune nesa da juna, kowa na gadin launi. Ka ce kore da fari da ja, wannan ya ce lema kuka ɓoye. Ka ƙara shuɗi, wancan ya ce tsintsiya ce. Da suka gama tacewa ruwan toka kaɗai ya rage, shi ma tela ya ce babu a kasuwar Ƙaura, sai dai a jira Alhamis a je Shinkafi, a kuma ba shi kuɗin mota. Akwai mai gyangyaɗi, da ya farka sai "na goyi baya". Akwai magatakarda, shiru-shiru, ba ya musu da kowa, sai dai idan aka zo karanta abin da aka tattauna za a ji nasa zanen ne "jama'a suka fi karkata gare shi". Ni dai ina ganin kyan rubutu ya cancanci ɗan tukuici.

Wanda ba na iya yi wa dariya shi ne Ɗan Gari na Abuja. Tunda hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ta zama abin tsoro bai sake taka garin ba, ko gaisuwar mutuwa sai ta waya. Ba laifi, kowa na son ransa. Amma sai ga saƙon murya mai tsawo a WhatsApp, daga cikin mota mai sanyi, wai a sa farar kurciya don duniya ta san mu masu son zaman lafiya ne, wai zanenmu ya yi ƙauyanci. Mutanen da yake koya wa zaman lafiya su ne waɗanda suka bar gonakin nesa ba noma, suke kwana da kunne ɗaya a buɗe. Ya yi alƙawarin kuɗin yadi da na ɗinki, ya kafa sharaɗin a rubuta sunansa a gefe. Tela ya yanka yadin da bashi, kuma har yau idan aka kira lambar Alhajin sai yaronsa ya ɗauka ya ce yana cikin taro.