Alhaji, Juya Wuyan Kwat Ɗin Nan Mu Gani

Tun ranar da na yi suɓutar baki a majalisarmu ta bayan la'asar na ce wandon da ke jikina na gwanjo ne, ban sake samun sakat ba. Wani ya ce na zubar da mutuncin masu albashi. Wani ya ja kujerarsa gefe, wai kada ƙaiƙayi ya tsallako masa. Wanda ya fi kowa ɗaga murya kuwa wani malamin makaranta ne, mutumin da na san tarihin takalminsa tun daga safiyar da aka zazzage shi daga buhu, don ni na riƙe masa ƙafar hagu yana tonon ta dama. Ban tona shi a wurin ba, saboda akwai yara. Yau dai na ɗauko alƙalami, kowa ya gyara zama.

Bari in fara da kai, Alhaji. Motar da kake shiga Abuja da ita kullum asuba, kana kutsawa cikin cunkoson Masaka da Mararraba da Nyanya, wani Bature ya gama more ta kafin ta sauka Kwatano. Wayar hannunka, da bakinka ka gaya mana an yi amfani da ita a Landan, har kana alfahari wai ta fi sabuwa ƙarko. Firjin gidanka haka, injin janaretonka haka. Duk waɗannan ba su taɓa maka mutunci ba, sai riga? Juya wuyan kwat ɗin nan mu karanta lambar da ke ciki. A'a, kada ka tashi, ai ba a kira magariba ba tukuna.

Na san amsarka: a kanti ka saya, mai gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, aka sa maka a leda mai tambari. Madalla. To zo in kai ka inda mai kantin ya samo.

Duk wanda bai taɓa tsayawa wurin fasa dila ba, bai san ana sammako a ƙasar nan ba. Dila tana zuwa a matse kamar dutse, an ɗaure ta tamau ta kowane gefe. Mai kaya zai yi bismilla, ko ya ambaci sunan Yesu, gwargwadon inda ya dosa, domin shi kansa bai san abin da ke ciki ba. Ya biya kuɗi ne a kan abin da aka rubuta a jiki. Da ya yanke ɗaurin sai ka ga ta yi ajiyar zuciya ta kumbura kamar kullun fanke, wannan warin da kowa ya sani ya tashi, warin da ba na turare ba ne ba kuma na ƙazanta ba. Waɗanda suka fara kai hannu ba talakawa ba ne. Masu kantunan gilashi ne, sun tsaya a gaba da manyan jakunkuna, ba sa ko taya farashi. Su ke tsince zaɓin farko, wanda wani lokaci ma takardar kantin Turai na rataye a jiki. Su kai wa mai wanki da guga, a fesa turare, a rataye a jikin mutum-mutumi. Daga nan sai a jira Alhaji. Bayansu ɗalibai su ɗiba, sannan ma'aikata irina, abin da ya rage a tara shi tsibi guda, yaro ya tsaya a kai yana kaɗa ƙararrawa yana kiran farashi ɗaya. Ni da kai uwa ɗaya ta haifi rigunanmu. Ni na durƙusa na zaɓa, kai ka biya wani ya durƙusa maka.

A Keffi kuwa mai son ya musa sai ya rufe ido. Jami'ar jihar Nasarawa na nan. Ku tsaya bakin titi a Unguwar Lambu da ƙarfe bakwai na safe ku ga samari da 'yan mata sun fito tsaf, kowa kamar ɗan kwamishina. Kuna tsammanin daga kuɗin garin kwaki da iyaye ke aikowa ake sayen sabon jins? Ga sansanin 'yan bautar ƙasa da ke ɗauke da sunan Magaji Ɗan Yamusa, inda makonni uku galibi mutum ba shi da sutura sai farar riga da farin gajeren wando da farin takalmi. Ku tambayi uwar da ta haɗa wa ɗanta jaka inda ta samo ƙarin fararen. Kuma da hunturu ya kunno kai, hazo ya rufe dutsen Maloni, ku dubi 'yan acaɓa: wannan da rigar masu wasan ƙanƙara, wancan da hular da aka saƙa don sanyin Kanada. Wa ya taɓa ganin tela a garin nan ya ɗinka irinsu?

Hajiya ta ɗaga hannu. Na ji, ranki ya daɗe: kayan matattu ne. Ba ke kaɗai ke faɗin haka ba, mutanen Gana ma suna kiransu obroni wawu, wato Bature ya mutu, domin da aka fara kawo su hankali bai ɗauki cewa mai rai zai rabu da riga lafiyayyiya ba. To masu su na nan da ransu, suna shan shayi. Gajiya suka yi da launin, ko tumbi ya ƙaru, ko yayin ya wuce. Ko da a ce wani ya rasu, Hajiya, ranar da aka raba gadon Inna wa ya yi rigima a kan leshin nan mai ruwan ƙasa har sai da aka kira liman? Ban ji kin ce kayan mamaciya ba ne a lokacin.

Maganar cuta kuma, akwai ruwan zafi, akwai sabulu, akwai ranar Keffi wadda ko ƙadangare neman inuwa yake, akwai dutsen guga. Abin da ya tsira daga waɗannan huɗun ya cancanci a bar shi ya rayu. Iyakar inda na tsaya tare da ku shi ne kamfai da sauran 'yan ciki. Wannan kam, ko bashi ne a ci a sayi sabo.

Ga wanda bai san hanyar da rigar ke bi ba: a Ingila akwai kantunan ƙungiyoyin agaji, irin na Oxfam, wadda ta buɗe kantinta na farko a birnin Oksfod a ƙarshen shekarun 1940. Mutum ya kwashe kayan da ya daina sawa ya kai kyauta, kanti ya sayar, kuɗin ya tafi aikin taimako. Amma kayan sun fi ƙarfin kantunan. Abin da bai samu mai saye ba sai a auna shi a sikeli a sayar wa 'yan kasuwa, su ware riga daban, wando daban, mai kyau daban, a matse a dila, a cika kwantena. Daga wannan gaɓar sadaka ta ƙare, kasuwanci ya fara. Saboda haka mai cewa ana sayar mana da abin da aka ba mu kyauta bai fahimci lissafin ba. Ba mu aka ba wa ba. Baturiya ta ba ƙungiya, ƙungiya ta karɓi kuɗinta, ni kuma na biya nawa. Ba mai bina godiya.

Abin dariyar shi ne, gwanjo na cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigo da su Najeriya. Ban san wani haramtaccen kaya da ake baje wa a bakin titi ana kaɗa masa ƙararrawa kamarsa ba. Ƙofar Wambai a Kano, Katangowa a Legas, ga kasuwar Laraba ta Nyanya nan kusa da mu. Har sunan gari aka laƙaba masa a kudu, Okirika, wani gari mai tashar ruwa a jihar Ribas. An rufe iyakokin tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, dila ta yi tsada, amma ba ta ɓace ba. Aka saki naira a 2023, ta ƙara tsada, har gwanjon ma ya fara fin ƙarfin wasu. Ana so ana kaiwa kasuwa.

Yanzu ga Yallaɓai mai karatu, wanda hujjarsa ta fi ta kowa nauyi, don haka zan cire hula kafin in amsa. Ya ce gwanjo ne ya kashe masaƙunmu. Duk wanda ya san Kakuri a Kaduna lokacin da masaƙar KTL, wadda ta fara aiki a 1957, da UNTL da Arewa ke busa jiniyar canjin aiki, dubban mutane na fita wasu dubbai na shiga, dole zuciyarsa ta sosu in ya ga wurin yau. Amma Yallaɓai, waɗancan masaƙu yadi da atamfa suke yi, ba jins da rigar sanyi ba. Abin da ya kwantar da su rashin wutar lantarki ne, da tsadar baƙin mai, da tsufan injuna, da atamfar Sin da aka yi ta kwararowa ta ɓarauniyar hanya. Kuma in ba ka ji haushi ba, shaddar da ke jikinka ma ba a Kakuri aka saƙa ta ba. Ruwanda ta gwada abin da kake so: ta tsawwala haraji a kan gwanjo a 2016, Amurka ta rama a 2018 ta janye mata rangwamen shigar da tufafi kasuwarta. Ruwanda ba ta ja da baya ba, kuma na jinjina mata. Mu ma a tada masaƙa, a kawo wuta, a yi rigar da mai gadi zai iya saya wa 'ya'yansa biyar, ni zan fara shiga layi. Kafin nan, da tsirara gara baƙin bante.

Ba zan ɓoye muku aibinsa ba. Akwai dilar da in an fasa rabinta tsumma ne, mai kaya ya zauna ya dafe kai, jarinsa ya nutse. Wannan tsumman a kwatocinmu yake ƙarewa. A Akara, abin da kasuwar Kantamanto ta kasa sayarwa ya cika juji ya gangara bakin teku. Wasu ƙasashen shara suke aiko mana da sunan sutura, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ni ma gwanjo ya taɓa cin mutuncina. Na sayi wata riga mai laushi da rubutu a ƙirji cikin yaren da ban sani ba, na yi wata biyu ina taƙama da ita, har ɗaurin aure na je da ita a ƙarƙashin jamfa. Sai wani ɗalibi da ya ɗan taɓa Jamusanci ya tare ni, ya gaishe ni da ladabi, ya ce rubutun na nufin babu kaka mace kamata a duniya. Yanzu uwargida ke sawa in za ta yi shara.

To mu dawo gida, inda maganar ta fi zafi. Mu ba mu saba da kantin agaji ba, namu kwance ne: ka cire riga ka miƙa wa ƙane, ko almajiri, ko mai aikin gida, hannu da hannu. Mata kuma suna da dillaliya, wadda ke fita da zani a ƙarƙashin mayafi ta dawo da kuɗi ba tare da ta faɗi daga ɗakin wa ya fito ba. Kwance abu ne mai kyau, na sa shi, ya rufa mini asiri. Sai dai yana da wutsiya. Kawuna, Allah ya jiƙansa, ya taɓa ba ni wata babbar riga mai aska biyu. Shekara uku, duk taron da muka haɗu, sai ya ja hannun rigar a gaban jama'a ya ce, "Kai, ta karɓe ka! A Kano na ɗinka ta, shekarar da na je Hajji." Ranar da na je gaishe da surukai ma bai ƙyale ni ba. Rigar gwanjo ba ta taɓa yi mini haka ba. Baturen da ya sa ta bai san ina duniya ba, ba zai tare ni a masallacin Juma'a ba. 'Yan kuɗin da na bayar su suka saya mini bakin kowa. Shi ya sa nake ganin da wani masallaci ko coci a garin nan zai ware ɗaki guda, a tara kwance, a wanke, a goge, a sa masa ɗan farashi kaɗan, kuɗin a kai wa marayu, da mabuƙaci ya shiga ya zaɓi daidai jikinsa ya fito kansa a ɗage. Na san abin da ke ran Hajiya: kada ta ga atamfarta a jikin maƙwabciya ranar suna. In kin gani, ranki ya daɗe, ki yaba ɗinkin ki wuce.

Amma fa da sharaɗi. Na ga abin da wasunku ke fitarwa in azumi ya zo an ce a taimaka da sutura. Zanin da in ka ɗaga shi sama za ka ƙirga taurari ta cikinsa. Wando ba zif ba maɓalli. Takalmi ƙafa ɗaya, wai wataƙila a dace da gurgu. A ƙulle a leda, a kira yaro ya ɗauki hoto, a sa a Facebook. Malamai sun gaji da faɗa mana cewa ba a tsintar mafi muni a ce shi ne na Allah. Ga shadda kala goma a akwati, tun kafin tumbi ya fito aka ɗinka su, kullum ana cewa za a rage ƙiba a koma musu. Alhaji, ba za ka koma ba, mun ga yadda kake yi da tuwon dare. Ku da kuke zargin Turawa da aiko mana da shara, ku leƙa ledar da kuka ba almajirin ƙofar gidanku.

Asabar mai zuwa mutumina zai fasa dilar kwat da sassafe. In mun yi kiciɓis a wurin, ba sai mun gaisa ba. Zan ɗauka direbanka ka zo saya wa, kamar yadda ka ce wancan karon. Abu ɗaya nake roƙo: in ka ga ruwan toka mai maɓalli biyu, ka sakar mini, ba za ta rufe maka ciki ba.