Sabon Talabijin da Wayar da Ba Ta Cikin Kwali

Talabijin mai nuna hoto tar, wanda masu shago ke kira HD, ana sayensa ne da ma'auni biyu: girman fuska da yawan ɗigon hoto. Girman ana auna shi da inci daga kusurwa zuwa kusurwa, kuma mai inci 55 da ya yi daidai a shago yakan isa gida ya tarar falon bai shirya karɓar irin wannan baƙo ba. Ɗigon hoto kuwa, Full HD na da 1920 a kwance da 1080 a tsaye, 4K ya ninka wannan sau huɗu. Aikinsa na farko shi ne tona kurajen jarumar fim da aka daɗe ana yaba fatarta.

Haɗa shi da kwamfuta na buƙatar wayar HDMI, mai ɗaukar hoto da sauti tare, wadda galibi ba a sako ta cikin kwali, sai an koma kasuwa. Tsohuwar wayar VGA hoto kaɗai take kaiwa, a zauna ana kallon baki na motsi babu magana. Bayan an jona, sai a ɗauki rimot a zaɓi ramin da aka soka wayar. Maigida yakan gwada kowanne ban da na daidai, har ɗan auta ya karɓe rimot ɗin. A Windows, danna maɓallin Windows tare da P ke buɗe zaɓin tura hoton. Daga nan duk abin da ya faɗo kan kwamfutar, har saƙon mai bin bashi, da iyali da baƙi za a karanta shi.