Masu Wat Dubu da Masu Wat Biyar

Masu rediyon sha'awa, wato mutanen da ke kafa na'urar aika murya a gida suna hira da takwarorinsu na wasu ƙasashe, suna da tsohuwar gardama: a ƙure ƙarfin na'ura ko a taƙaita? Ƙa'idarsu ta ce kada mutum ya wuce ƙarfin da zai isar da maganarsa. Lissafi ma yana bayan masu taƙaitawa, domin sai ka ninka ƙarfi sau huɗu kafin allurar mai sauraro ta ɗaga da mataki ɗaya. Daga wat 5 zuwa wat 100, mataki biyu ne da 'yan kai. A Tudun Wadan Zariya da wuya ka ci karo da mai lambar kira ta 5N, wadda aka ware wa Najeriya, amma duk ɓangarorin gardamar muna da su, ba lasisi, ba eriya.

Ga Alhaji Ƙure-Maleji a cikin Keke Napep, daga Agoro zuwa Ƙofar Doka. A lissafinsa Legas ta fi Kaduna nisa, saboda haka kiran Legas ya fi buƙatar ihu. "Yallaɓai, kana ji na? Na ce kana ji na?" Wayar da ke hannunsa ba ta wuce wat 2, kuma turken kamfani ne ke gaya mata ƙarfin da za ta fitar, maƙogwaron Alhaji ba shi da ƙuri'a a ciki. Kafin a sauka, fasinjoji sun san kuɗin masararsa da bashin da yake bin surukinsa.

Ubangidansa shi ne mai maganin basir da ya ɗaure lasifika a kan mota a bakin kasuwa. Masu sayen suna taku huɗu daga gare shi, amma ya saita bakin lasifikar Gyallesu. Yana murɗa ƙara har kalmomin su farfashe, ka kasa gane ko basir ake kora ko shawara. Haka na'urar rediyo take yi idan an matsa mata: muryar ta dagule, ta fantsama cikin zangon maƙwabta. Sai abokin hamayyarsa mai maganin sanyi ya ƙara tasa, shi ma ya ƙara. Da la'asar kowa yana inda yake, mai sayar da fetur ɗin janareta ne kawai ya ci kasuwa.

Akwai wanda masu rediyo ke yi wa laƙabi da kada: ƙaton baki, ba kunne. Ana jin sa a Turai, shi ba ya jin mai amsa masa. Kowace majalisar shayi tana da nata ɗaya.

Kada a ɗauka ɗaya ɓangaren waliyyai ne. Gaskiya ne wat 5 kan tsallaka teku idan sama ta yi kyau kuma eriya ta tsayu daidai, amma wahalar tana kan mai kasa kunne, yabon kuma na mai aikawa. Malam Wat-Biyar namu yakan tsaya a ƙofar zaure ya yi sallamar da ko akuyar gidan ba ta ji ba. Ya jira, ya sake, ƙasa da ta farko don ladabi. Daga nan ya juya, ya bi unguwa yana cewa maigidan ya yi kuɗi, ya daina amsa sallamar talaka.

Ɗan sintiri mai oba-oba kuwa tun bayan isha'i yake sa ta a kan babban ƙarfi, yana tambayar abokin aikinsa da ke lungun baya ko an kawo shayi. Ƙarfe biyun dare, lokacin da ake neman ta, batir ya mutu, NEPA kuma ba ta da niyya. Da ya hau bene da ƙaramin ƙarfi, da ya fi kaiwa nesa, domin irin wannan zangon kusan iya ganin ido yake tafiya. Shi ya sa masu harkar ke kwaɗayin wuri mai tudu irin Kufena.

Gwanar duka ita ce Hajiya ta gidan biki. Ba ta kai rabin wat ba. Takan sunkuya ta ce wa ta kusa da ita, "Yaya, ke kaɗai na gaya wa." Tana da tashoshin karɓa-ka-miƙa a Tudun Jukun, da Sabon Gari, da Kwangila. Kafin a kira magariba labarin ya isa Samaru, har an ƙara wa amaryar shekara biyar.