Akwatin Ɓata Sauti

Fedar jita ɗan akwatin ƙarfe ne da makaɗi ke takawa da ƙafa. Wata ƙara wa sauti ƙarfi kawai take yi. Wata kuwa sai ta tura shi ya wuce abin da na'ura ke iya ɗauka, ya shaƙe, ya koma gurnani. Asalin abin lalacewa ce: da amsa-kuwwa mai rauni aka naɗi waƙar "Rocket 88" a Amurka a 1951. A 1962 kamfanin Gibson ya sa gurnanin a akwati, ya yanka masa farashi. Yau tsohuwar ƙira mai tiransista tsada gare ta. A bukukuwan Tsibiri da Maraɗi kuwa, amsa-kuwwar haya da aka ƙure wa murya kyauta take wannan aiki, ko ba a roƙe ta ba.