Wa Zai Yi Mana Addu'a?

Babu tambayar da ke sa Kirista ya tuna da igiyar takalminsa irin wannan. Da mai jagoran sujada ya ɗaga kai ya ce, "Wa zai yi mana addu'a?" sai ka ga manyan mutane masu jikoki kowa ya duƙufa yana neman wata aya da ba wanda ya ce a buɗe. Amma shirun ba ya daɗewa. A kowace majami'a, daga Wusasa zuwa Garkida, daga Kagoro zuwa Galmi, akwai waɗanda Allah ya hore wa baki, kuma ikklisiya ta san su ɗaya bayan ɗaya. Ko ido a rufe, da jin gyaran murya an san ko yau za a ci abincin rana da zafinsa, ko sai an ɗumama.

A koyarwa dai abin ba shi da wuya. Duk wanda ya zauna ajin baftisma ya ji cewa addu'a zance ce da Allah: a yabe shi, a furta zunubi, a gode, a roƙa wa kai, a roƙa wa wasu. Da almajirai suka ce wa Yesu ya koya musu, abin da ya ba su bai kai minti ɗaya ba, ko da tsoho ne ke jan sa. A Matiyu sura 6 ma ya hana yawan surutu, ya hana tsayawa inda za a gani a yaba. Kowa ya yarda da wannan. Sai dai addu'ar cikin taro wasiƙa ce: a bayan ambulan an rubuta sunan Allah, amma in ka buɗe ka karanta, sau da yawa za ka tarar da wani ake.

Mu fara da Baba Mai Tarihi, don girmansa ne, kuma ko ba a fara da shi ba, shi zai fara. Dattijon ikklisiya ne, mai farar riga da tsohon Littafi Mai Tsarki da aka ɗaure da roba. An ce ya sa wa baiko albarka. Baiko kawai. Sai ya koma Farawa. Ya gode wa Allah don Adamu, ya shiga jirgi da Nuhu, ya fito, ya raka Ibrahim, ya tsallake Bahar Maliya da Musa, yana tuna wa Ubangiji abubuwan da Ubangijin da kansa ya yi, ko da ya manta. Daga nan ya sauko kan 'yan mishan: Bingham da abokansa biyu da suka sauka Legas a 1893, Karl Kumm a Wase a 1904, sujadar farko a gindin tsamiya a Garkida a 1923, Likita Miller na Zariya da ɗawainiyar fassarar da ta ba mu Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Tarihin nan daidai yake, ba ya kuskuren shekara. Sannan ya ɗauko shugaban ƙasa, gwamnoni 36, da ƙananan hukumomi 774, waɗanda alhamdu lillahi yake haɗawa a dunƙule. Duk wannan lokaci 'yan matan da ke riƙe da kwandunan baiko suna tsaye a gaba, hannu ya sage.

Gwanintarsa ta gaske ita ce saukar ƙarya. Ya ce, "A ƙarshe, ya Uba," jama'a su gyara zama, wasu har sun lalubo jaka. Sai ya tuna da marasa lafiya. Ya sake cewa, "Daga ƙarshe kuwa," sai matafiya su faɗo masa a rai. Ikklisiya ta ƙirƙiro dabara: a yi masa "Amin" mai ƙarfi a tsakiya don ya gane. Shi kuwa ya ɗauka ƙarfafa shi ake yi. In ka yi masa magana zai ce Sulemanu ma ya daɗe a addu'ar keɓe Haikali. Gaskiya ne, Baba, amma Sulemanu shekara bakwai ya yi yana gini kafin ya yi tasa, kuma sau ɗaya ya yi ta. Bayan duk wannan, in aka buɗe ido, za a tarar baikon ne kaɗai bai ambata ba.

Shi dai Baba lokaci kawai yake ci. Mai Labaran Duniya mutunci take ci. Ana samun irinta a taron addu'ar Laraba, kuma kada maza su yi dariya, akwai ta da gemu. Ba ta taɓa gulma ba a rayuwarta, Allah ya kiyaye; damuwa take kawowa. "Ya Uba, kai ka san 'yar'uwarmu, ba sai na kama suna ba, wadda maigidanta ke aiki a Abuja, mai shagon ɗinki kusa da famfo. Ka san motar da ke tsayawa ƙofar gidanta bayan magariba. Mu ba mu sani ba, kai ka sani." Ido kowa a rufe, kunne kowa a buɗe, har mai barci ya farka. Kafin a ce Amin, garin ya san launin motar. In an tashi ta riƙe hannunka a bakin ƙofa, ta rage murya: "Abin da na faɗa ɗin nan, don a sa ta a addu'a ne fa, kada ya wuce nan." Ya riga ya wuce. Abin da ke ba ni mamaki da ita shi ne tauhidinta ya fi na kowa tsabta, kullum tana shaida cewa Allah ya san kome, amma ba ta taɓa yarda ta bar shi da sanin nasa ba.

Ɗan'uwanta na jini shi ne Mai Habaici. Wannan ba labari yake bayarwa ba, saƙo yake aikawa, ta sama. Ma'ajin ikklisiya ya ƙware a nan: "Ka taɓa zuciyar waɗanda suka yi alkawarin buhun siminti tun bikin godiya na bara." Amma filin wasansa na ainihi gida ne, wajen addu'ar safe. Uwargida ta durƙusa: "Ya Ubangiji, ka buɗe idon waɗansu mazaje su gane kuɗin cefanen bara ba ya sayen barkonon bana." Maigida ya yi shiru, ya ce Amin ciki-ciki. Washegari layinsa ne. Ya buɗe Afisawa sura 5, ya karanta wurin da ya shafi mata da murya mai daɗi, ya tsaya cak kafin wurin da ya shafi maza, sannan ya roƙi Allah ya ba waɗansu mutane ruhun wadar zuci. Mako guda ana wannan shari'a, ba wanda ya yi wa wani magana kai tsaye, yara kuwa suna ce wa kowane ɓangare Amin, don ba su san inda kuɗin makaranta zai fito ba. Yesu ya san irin wannan mutumin. A Luka sura 18 ya ba da misalin Bafarisiyen da ya shiga Haikali yin addu'a, amma rabin hankalinsa na kan mai karɓar harajin da ke tsaye can nesa.

Akwai kuma wanda ba ya iya haɗa kalma uku bai sa "Uba Ubangiji" a tsakani ba. Yaran makarantar Lahadi suna ƙirga masa da yatsu a ƙarƙashin benci, har da caca a kan alewa.

Sai Mayaƙi. Shi salon nasa sabo ne a wajenmu, da kaset da talabijin ya iso, yanzu kuma waya ta ƙara masa ƙarfi. Ba ya addu'a sai da makirufo, ba ya makirufo sai an ƙure lasifika, in wuta ta ɗauke a tayar da janareta. Yana naushin iska, yana taka ƙasa, gumi har gwiwa. Duk abin da ya same shi akwai mai hannu a ciki: in babur ya ƙi tashi, gwaggonsa ce ta ƙauye, in ba a ƙara masa girma a ofis ba, ita ce dai. Baiwar Allah tana can tana tsintar kuka, ba ta san sau nawa aka aika mata da wuta a daren jiya ba. Maƙwabta, Kirista da Musulmi, sun haddace sunayen maƙiyansa. In ka ce ya rage murya, ka shiga jerin. A Dutsen Karmel annabawan Ba'al 450 ne suka yini suna ihu, har Iliya ya yi musu ba'a cewa su ƙara, wataƙila ubangijinsu barci yake. Tasa addu'ar kuwa 'yar gajeriya ce. Mayaƙi ya san labarin sarai, yana son sa ma saboda wutar da ta sauko, sai dai bai lura da ɓangaren da salonsa ya fi kama da shi ba.

A nan dole in ajiye dariya kaɗan. Akwai waɗanda maƙiyinsu ba na mafarki ba ne. Yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ne, kuma a Oktoban shekarar 'yan Boko Haram suka mamaye hedkwatar ekklesiyar a Kwarhi. Ekklesiya ce da ta gaji koyarwar zaman lafiya da ƙin ramuwa. Mutumin da aka ƙone wa gida, ya zo wurin gafarta wa masu laifi a cikin Addu'ar Ubangiji, ya haɗiye miyau, ya faɗa, ya yi aikin da ya fi na mai kwana yana kashe gwaggo nauyi.

Mu koma ga masu sauƙi. Mai Zurfin Ruhu shi ne wanda ke fara zuwa kwanan addu'a, ya zaɓi benci na jikin bango, ya dafa goshi. Da ƙarfe goma sha ɗaya ya riga ya lula. Ba a iya kama shi, domin zaman mai barci da na mai tunani iri ɗaya ne, sai in minshari ya tona. Yana da kakanni a Littafi: Bitrus da Yakubu da Yahaya sun yi a Getsamani, Aftikos ya yi a bakin taga har ya faɗo daga hawa na uku Bulus na cikin magana. Rauninsa ɗaya, farkawa a firgice. Magatakarda na sanar da cewa an sace batirin janareta, sai a ji daga jikin bango: "Amin! Allah ya ƙara!"

'Yan Katolika suna da nasu gwanaye. Je ka majami'a a watan Oktoba ka ji tsofaffin mata da carbin rosari: kafin mai ja ya kai rabin nasa, sun amshe, sun gama nasu, suna jiransa. 'Yan Angilika kuma akwai dattijon da ya haddace littafin addu'a tun yana yaro, ya buɗe shi don ladabi kawai. In sabon bugu ya canja kalma ɗaya, shi tsohuwar zai faɗa, da ƙarfi, don limamin ya ji.

Ɗan Gaggawa ba a ganinsa sai da dalili. Makon jarrabawar JAMB yana layin gaba. Ranar da sakamako ya fito ya ɓace, sai kuma in matarsa na naƙuda ko mota ta fara tangaɗi a hanyar Kaduna. Ba na raina shi ƙwarai. Addu'ar Bitrus lokacin da ya fara nutsewa ba ta wuce numfashi ɗaya ba, kuma an amsa ta nan take; da ya bi tsarin Baba Mai Tarihi, da kafin ya iso kan Nuhu ruwa ya gama da shi. Wanda nake jin haushi shi ne Mai Alkawari. Ka je masa da maganar kuɗin asibiti, aljihunsa cike, ya dafa kafaɗarka: "Ɗan'uwa, zan sa ka a addu'a." Ba kuɗin, ba addu'ar. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta yi maganinsa tun tuni, amma shafin nan a Littafinsa har yanzu manne yake da na kusa da shi.

Ita kuwa tsohuwar nan ta benci na baya, mai ɗankwalin zumuntar mata da ya koɗe, ba a taɓa ba ta makirufo ba. Leɓenta kawai ke motsi. Ta san sunan kowane yaron da ya tafi soja, da kowace mai ciki, da wanda ya daina zuwa sujada, kuma ba a taɓa jin ko ɗaya a bakinta a waje ba. Haka Hannatu ta yi a Shilo har Eli firist ya ɗauka buguwa ta yi. Ita ma wannan, wani sabon mai bishara ya taɓa ba ta shawara ta riƙa buɗe baki don addu'arta ta yi ƙarfi. Ta ce, "To, Malam, na gode," ta sa shi cikin jerin.

Waɗanda suka fi kowa yawa su ne 'yan gidan Maryamu uwar Markus. A Ayyukan Manzanni sura 12, Hirudus ya kulle Bitrus, ikklisiya ta taru tana roƙo a sake shi. Aka sake shi. Ya zo yana ƙwanƙwasa ƙofa, baranya Roda ta ji muryarsa, ta ruga ta faɗa musu, suka ce mata ta haukace. Amsar addu'a na waje a tsaye, masu addu'a na ciki suna gardama. Jikokinsu na nan a kowane kwamiti. Rufin majami'a na yoyo, a yi azumin kwana bakwai, a roƙi Allah ya ta da mai taimako. Ran Litinin sai ga wani ɗan gari da aka daɗe ba a gani ba, da bandir-bandir na kwano a bayan a-kori-kura. Dattawa su zauna. Wani ya ce a fara bincika inda ya samo kuɗin. Wani ya ce ai takara zai tsaya. Uwar zumunta ta ce launin bai dace da fentin bango ba. Ma'aji ya ce da kuɗin ya kawo da ya fi. Kwanon na nan jingine a bayan ofishin Baba Fasto, damina ta kusa, kuma an sa maganarsa cikin abubuwan addu'a na Laraba mai zuwa.