Ragon Baƙon Indiya

Maigida ya kira ni ofis ya ce injiniyan da zai zo daga Indiya ya gyara mana injuna ba ya cin naman shanu, sai "mutton". Ya ce, "Kai ne mai Turanci, ka ji da shi."

Na buɗe ƙamus. Naman rago ko tunkiya da suka girma ne, na ɗan ƙarami kuwa "lamb" ake ce masa. Kalmar ma aro ce, daga Faransanci ta shiga bakin mutanen Ingila bayan Normandawa sun ci ƙasarsu a 1066. Ɗan kawuna na Birnin Ƙonni ya ƙara da cewa a Faransancinsu na Nijar dabbar ce sukutum ake kira haka, da ƙaho da kofato. To, babban baƙo ai ba a kai masa tsire a takarda.

Da tsakar rana na faɗa kasuwar dabbobi ta Kara, zafin Sakkwato na dukan tsakar kaina. Dillali ya tare ni: "Mi kaka so, Alhaji?" Ko Abuja ban taɓa zuwa a jirgi ba, amma Alhajin nan ya hana ni tayawa da kyau. Ya jawo mini wani Uda, gaba baƙi baya fari, na biya ina murmushin dole.

A kabu-kabu muka dawo, rago a tsakiya na rungume shi kamar amarya. Kafin mu kai shataletale ya jiƙa mini sabuwar shadda, ɗan kabu-kabu kuma ya ce kuɗin mutum biyu zan ba shi.

Da yamma mahauci ya yi balangu na gani na faɗa, da yajin ƙuli da albasa. Baƙo ya ɗauki yanka ɗaya, ya tauna, ya girgiza kai. Sai ya leƙa taga ya nuna wata jar akuya da ke cin kwali a bakin shagon maƙwabci, ya washe baki: "Mutton!"

Ashe a Indiya naman akuya suke kira haka. A Sakkwato kuwa, garin jar akuyar da fatarta ta yi suna har Turai!

Ma'aikata suka cinye balangu tas, har da masu gadi. Maigida ya ce a cire kuɗin ragon a albashina, kuma gobe da sassafe in koma Kara in sayo akuya. Washegari dillalin yana hango ni ya miƙe tsaye: "Alhaji ya dawo!"