Babban Yatsan Oga da Tsohuwar Marsandi

Mu masu tsofaffin Marsandi a Daura muna da wani motsa jiki da likita bai rubuta mana ba: turin mota. Duk wanda ya ga dattijo ya naɗe babbar riga, ya kafa kafaɗa a bayan 230E a hanyar Kongolam, yara na binsa da “sannu Alhaji”, kada ya zaci sammu ne. Matsin mai ne ya ɓaci. Ni kuwa ra'ayina shi ne da kuɗinmu muke sayen wannan wahala, tunda mun yarda a riƙa auna mana matsin da babban yatsa.

Kamfanin Bosch na Jamus ya fito da tsarin injekta na K-Jetronic a 1973, kuma shi ne a cikin 230E da 280E da wasu Volvo 240. Babu kwamfuta a ciki. Iskar da inji ke zuƙa tana motsa wani faifai, faifan ya tura ɗan sanda a cikin kan da ke raba mai, man ya wuce zuwa nozul. Duk wayon motar a matsin mai yake. Babban matsi yana zama wajen bar 5. Akwai na biyu da ke danne sandan daga sama, yana farawa wajen bar 1 in inji da sanyi, ya hau zuwa kusan 3.5 in ya ɗau zafi. In na biyun ya yi ƙasa, mota ta kama shan mai kamar ba ta ji an cire tallafi a 2023 ba, salansa na baƙin hayaƙi. In ya yi sama, tanki cike amma inji na ƙishirwa, tamkar mutanen Daura a bakin Kusugu kafin zuwan Bayajidda: ga ruwa, ɗiba sai Juma'a.

To, ya ake gwada wannan a gareji? Oga ya kwance tiyo, ya ce wa yaro “ba ta wuta”, mai ya feso, ya toshe da yatsa, ya lumshe ido, sannan ya yanke hukunci: “Mai lafiya lau, Alhaji.” Sai ya zura ɗan makulli mai milimita 3 ya murɗa sukurun daidaita mai har inji ya daina rawa. Mota ta fita gareji da fara'a, ta je ta mutu a Mai'adua ranar kasuwa. Daga nan a canja fulogi, a canja batir, a aika Ƙofar Ruwa a Kano a sayo famfo. In duk ya ƙi, Oga ya sassauta murya ya ba da shawarar a yi sadaka.

Za a ce da ni kunnen Oga ya shekara talatin yana sauraron inji. Haka ne, ban kuma raina shi ba. Sai dai a kan Fijo mai kafireta ya koyi ji, irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975, kuma famfonta ko rabin bar ba ya kaiwa. Yatsa na iya shaida akwai mai ko babu, amma bai san bambancin 4 da 5 ba, a wannan ɗan tsakanin kuwa motar ke rayuwa. Ban ma yi maganar fetur da ke fesowa kusa da inji mai zafi ba.

Masu cewa a cire injekta a sa kafireta a huta sun fi ƙarfin hujja, domin ko a Baure ko Zango ta tsaya, ba za a rasa mai gyara ba. Amma sau da yawa ana yanke wa injekta hukuncin kisa ne kan laifin wata 'yar raga a bakin na'urar matsi na biyu, wadda tsatsar tanki da dattin man bumburutu suka toshe. Ko kuma ɗan gwangwanin da ke riƙe matsi bayan an kashe inji ya gaji, mai ya zama tururi a tiyo cikin zafin Afrilu, sai ka tsaya sallar azahar mota ta ƙi tashi sai la'asar. Wanda kuma ya sa kafireta ya bar famfon bar 5 a wurin, ya sayi ambaliya.

Saura kukan tsadar gejin auna matsi. Agogo ne fa da tiyo da ɗan famfon rufewa, sau ɗaya ake saye. A ɗaura shi tsakanin kan rabon mai da na'urar matsi na biyu: a rufe a karanta babban matsi, a buɗe a karanta ƙaramin, a kashe inji a ga ko allura za ta riƙe ko za ta zube. Babban matsi da siraran washa ake gyara shi a jikin sifirin da ke riƙe shi, ba da guduma ba. Awon sanyi kuma da sassafe ake yi kafin a tayar da inji, wanda a hunturu yana nufin wani zai fito da bargo. Masu Marsandi Bi-but kada su ari waɗannan lambobi, tasu KE-Jetronic ce, lissafinta daban.

Abin da ya rage shi ne wanda zai gaya wa Oga ido da ido. Ni dai na zaɓi jarida, tunda motata na hannunsa.